Balaraba da Igiya ta Biyar

Duk wanda ya taɓa kawo mara lafiya asibitin mishan ɗinmu, na bakin babbar hanyar Madawa, ya san Balaraba, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar da ke zaune bayan tagar farko, inda ake yankar kati: gajera, mai jiki, da tabarau ɗaure da zare saboda ƙafarsa ɗaya ta karye tun kafin in fara aiki. Ni Ni'ima a tagar magani nake, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma Yaya nake ce mata duk da ba mu haɗa uwa ko uba ba. Mutane na yabonta da haƙuri, kuma gaskiya tana da shi. Amma ni da na zauna kusa da ita na san wani halin ban da haƙurin: in Balaraba ta riƙe abu, ba ta saki da sauƙi. Akwai shekarar da ta riƙe sunan mijinta a cikin na'ura bayan an binne shi, asibiti duka ya sani, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya yi mata magana.

An haife ta ran Laraba a wani ƙauye cikin kwarin Buza. Ubanta ya zo asibitin nan da ciwon ido, aka yi masa aiki, ya ga haske, sai ya ƙi komawa. Ya kwaso iyalinsa, ya zama mai ban ruwan lambun albasa, daga baya ya shiga majami'a. Danginsa na ƙauye Musulmi ne, sun yi fushi na ɗan lokaci, sannan suka lura cewa ɗan'uwa a bakin asibiti ba abin yarwa ba ne, suka riƙa sauka gidansa da marasa lafiyarsu. Haka Balaraba ta tashi, a gidan da kullum akwai baƙo kwance a zaure, wani na tari, wata na jiran haihuwa. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta iya rubutu mai kyau, da Faransancin da zai ishe ta faɗa da direban mota. Da shara ta fara aiki. Wata rana mai yankar kati ya kwanta ciwo, aka ce ta riƙe masa kujera, ba ta sake tashi daga kujerar ba.

Yankar kati kamar ba aiki ba, sai ka gwada. Mutumin ƙauye ba ya tafe da shekarunsa a baki. Balaraba ba ta taɓa tambayar kowa shekara nawa gare shi ba. Sai ta ce, lokacin babbar yunwa kana tafiya ko kana goye? An yi rijiyar siminti a garinku kafin aurenki ko bayansa? Daga nan ta yi lissafinta. Wurin da sababbin ma'aikata ke shan kashi kuwa shi ne sunan miji. Ka tambayi matar ƙauye sunan mijinta, sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, kai kuma ka ɗaga murya kana tsammanin ba ta ji ba. Balaraba ba ta ma tambayar matar. Ɗan rakiya take kallo, ko ta kira wata ƴar garinsu daga cikin layi, a faɗa mata, matar ta tafi da mutuncinta.

Ta san wannan kunyar ne don ita ma tana da ita. Mijinta Daniyel shi ne mai kula da magaze, wato ɗakin da ake ajiye magungunan asibiti. Dogo ne, mai yawan fito da baki, shi ke ba da waƙa a majami'a, kuma ba ya iya wuce yaro bai tsokane shi ba. Sun haifi ƴaƴa, har sun aurar da ta fari, amma ba mahalukin da ya taɓa jin sunansa a bakin Balaraba. Maigida take cewa, ko mutumin magaze. Fasto ya taɓa yin wa'azi cewa ba laifi ba ne mace ta kira mijinta da suna, duk majami'a ta waiwaya ta dube ta, ita kuwa ta ci gaba da fifita da littafin waƙa kamar da wata ake. Daniyel ya yi mata alkawarin tunkiya in ta faɗa sau ɗaya tak, ta ce ya riƙe tunkiyarsa. In mara lafiya mai irin sunan ya zo, sai ka ji ta leƙa taga tana kiran mai sunan maigida, mutane su yi ta kallon juna, har in gaji in zagaya in karɓi katin in kira mata.

A shekarar 1997 aka kawo mana na'urori, waɗanda muke ce wa ordinata. Wani baƙo ya zo da su, ya yi ƴan watanni yana jan waya ta cikin silin, ya rubuta porogaram ɗin da za mu yi aiki da shi, sannan ya koma ƙasarsu. Ya bar wa Amos riƙo. Amos mutumin kirki ne, ya yi karatun lantarki a Yamai, shi ke kula da injin wuta, kuma yana da wata ɗabi'a mai ban haushi: ko me ka tambaye shi sai ya faro maka daga tushe. Shi ya bayyana mana cewa na'ura ɗaya ce babba, a ofis, ita ce uwa, a cikinta sunayen marasa lafiya da magunguna suke. Sauran duk, ta tagar kati, ta tagar magani, ta labo inda ake gwajin jini, ta magaze, ta ɗakin haihuwa, ta ɗakin likita, ta wurin karɓar marasa lafiyar gaggawa, ba su da komai a cikinsu, daga uwar suke ɗebowa. Na'urori bakwai, amma uwar ba ta yarda fiye da biyar su ɗeba lokaci ɗaya. Ya ce mu ɗauka rijiya ce mai igiya biyar. Sunan ya bi su, har likitoci suka koma cewa igiya.

Da farko ba mu damu ba, don ba kasafai mu bakwai ke buƙata tare ba. Amma ba a jima ba sai ga shi da hantsi ka zauna, ka danna, na'ura ta ce maka ba wuri. Ka zagaya ka tarar mutum biyu ne kawai ke aiki. Ina sauran igiyoyin? Ni dai na ce aljanu ne, kuma na faɗa da ƙarfi. Amos ya yi kwanaki yana hargitsa takardun da baƙon ya bari kafin ya gano. Ashe baƙon ba daga ƙasa ya gina porogaram ɗin ba, a kan wani gini da aka riga aka yi ya ɗora nasa, kuma wannan ginin na ƙasa shi ke karɓo wa mutum igiya da zarar ya shiga. Karɓa dai ya iya, mayarwa ce bai iya ba sai an ce masa. In ka gama ka bi ta wurin fita, ka danna, igiya ta koma. In kuwa ka kashe na'urarka daga bango, ko wuta ta ɗauke, ko ka rufe shafin da gaggawa, to uwar tana nan tana tsammanin kana ɗiba. Ko an kashe ta an kunna ba ta mantawa, don rubutawa take yi. Mu kuwa mutanen da suka saba kashe fitila da rediyo, in mun gama sai mu danna bango, mu lulluɓe na'ura da zane, mu tafi cin abinci.

Da muka fahimci igiya na ƙaranci, sai muka ƙara ɓata lamarin da irin wayonmu na gida. Kowa ya san yadda ake yi a bakin famfo: ka ajiye bokiti a layi, ka tafi harkarka, bokitin na riƙe maka wuri. Haka muka koma yi. Mutum ya zo da sassafe ya shiga, ya bar shafinsa a buɗe, ya tafi zagayen marasa lafiya ko addu'ar safe, don kada ya dawo ya rasa wuri. Amos ya yi magana har muryarsa ta dushe, muna cewa to, muna ci gaba.

Ƙarshe sai ya zauna ya haɗa wani ɗan shafi da ke nuna waɗanda ke riƙe da igiya: sunan mutum, ɗakin da yake, da ranar da ya shiga, wanda ya fi daɗewa a sama. Daga nan ana iya zaɓar suna, a danna, na'ura ta tambaya ko ka tabbata, ka sake rubuta sunan, igiyar ta saku. Ran farko shi da kansa ya saki ta labo bai duba ba, alhali mai labo na tsakiyar shigar da sakamakon jini, aikin safiya duka ya zube. Bayan an gama yi masa tas, sai ya ce shi dai a raba shi da wannan aiki, a ba wanda ba ya gaggawa kuma kowa ke jin nauyinsa. Ba a yi dogon tunani ba aka sa shafin a na'urar Balaraba.

Aikin ya zauna mata daram. Ba ta taɓa sakin igiyar kowa daga zaune ba. In ta ga suna ya daɗe, sai ta gyara ɗaurin zane, ta taka har ɗakin, ta duba da idonta. In ta tarar mutum na aiki, ta gaishe shi ta dawo. In ta tarar kujera ba kowa, sai ta nemo mai ita, ko yana gindin dogon yaro yana shan shayi, ta tsaya a kansa har ya tashi ya je ya fita ta hanya. Sai wadda aka kashe daga bango, wadda ba mai iya mayar da ita, ita take saki da hannunta. Cikin ɗan lokaci muka shiryu, ba don mun fahimci bayanin Amos ba, sai don ba wanda ke son ganin Balaraba tsaye a kansa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ba ta wahala ba, shi ne Daniyel. Ko fitsari zai fita sai ya mayar da igiya. Amma ya samu sabon abin tsokana. Kullum in zai wuce sai ya jingina da tagarta, ya tambaye ta da babbar murya su wa ke ciki yanzu. Ita kuma ta duba ta karanto masa: Ni'ima, Amos, mai labo, da mutumin magaze. Sai ya juya ga masu layi ya ce su zama shaida, ƙarfen Turawa ya fi matarsa sanin sunansa. Ta ce masa ya wuce, yana tare mata iska. Na lura da wani abu da ba ta san na lura ba: da safe, in ya riga ta fitowa, abin da take fara dubawa shi ne shafin nan. In ta ga sunan ya fito, ta san ya iso ya buɗe magaze, sai ta sa tabarau ta kira mutum na farko.

A bazarar shekarar da ta biyo sanƙarau ya shigo. Asibiti ya cika har baranda, Daniyel na fitar da magani tun safe har yamma. Wata ranar da hantsi ya ce wa mai taimaka masa kansa na sara, bari ya ɗan kishingiɗa a benci, yanzu zai dawo. Karon farko ke nan da ya tashi bai mayar da igiya ba. Daga bencin aka ɗauke shi zuwa gado. Mai taimakon ya ga na'ura a kunne ba kowa, ya kashe ta daga bango, ya lulluɓe da zane. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, mu ma mun yi addu'a iya tamu, amma kafin mako ya zagayo muka kai shi makwancinsa. Ƙungiyar mawaƙa ta kasa kai waƙa ƙarshe a bakin kabari, don ba mai ba da ita. Na yi kuka a ranar kamar ubana ne ya mutu, kuma har yau in na ji wani na fito da baki a baranda sai gabana ya faɗi.

Da Balaraba ta gama zaman makoki ta dawo, ta kunna na'ura, ta buɗe shafinta. A can sama ga shi rubuce: Daniyel, magaze, da ranar da kansa ya fara ciwo. Wato a wurin uwar na'ura, yana nan a magaze yana aiki. Ina tsaye bayanta, na kawo mata kunu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta saki wasu biyu da ke ƙasa, waɗanda wuta ta yanke, ta bar na sama, ta sa tabarau ta kira mutum na farko.

Haka aka ci gaba. An ɗauki sabon mai magaze, Umaru, aka ba shi nasa sunan shiga. Igiya biyar ta koma huɗu ga mutum bakwai. Amos na iya sakin ta Daniyel daga ofis cikin ƙiftawar ido, bai yi ba. Babban likita ya tambaye shi me ya sa aiki ke tafiyar hawainiya, ya faro masa bayani daga tushe, ya bi ta waya, ya bi ta zafi, ya bi ta ƙarfin wuta, har likitan ya gaji ya tafi. Daga baya na ji cewa likitan ma ya sani, tambayar ta fita hakki ce kawai. Kara muka yi mata, dukanmu, daga mai shara har majo, shugaban masu jinya. Wa zai je ya goge sunan mamaci a gaban matarsa, alhali ita aka ba mabuɗin?

Kada a ɗauka ba ta san abin da take jawo mana ba. Ta sani sarai, kuma ta nemi ta biya da nata. In wuri ya cika, sai ta fita ta ba da igiyarta, ta koma yankar kati da alƙalami kamar da, ta tara su, sai bayan an tashi ta zauna ta shigar. Shafin masu riƙon ba ya cin igiya, don haka yana nan buɗe a gabanta duk yini. Ta rame, idanunta suka faɗa, ƴaƴanta suka fara kawo ƙorafi cewa tuwon dare na makara.

Ni ce na fi kowa jin jiki, don duk wanda ya zo asibiti a tagata yake ƙarewa. Mutane su tsaya cikin rana da takarda a hannu, ni ina danna na'ura tana ce mini ba wuri. Ba ni da haƙurin Balaraba, kuma ban taɓa cewa ina da shi ba. Na zagi na'urar, na zagi wanda ya ƙera ta, na zagi baƙon da ya tafi ya bar mu da rijiyar da ba ta san mayar da guga ba. Wata rana haushi ya kai mini ko'ina, na tashi na zagaya da niyyar in gaya mata gaskiya, Yaya ko ba Yaya ba. Na tarar da ita ba kowa a taga, ta naɗe bakin zanenta a yatsa tana goge gilashin na'urar, daidai layin sama, a hankali. Na tambaye ta ko tana da allura da zare, ta ba ni, na koma tagata.

Damina ta sauka, masassara ta zo da ita kamar kullum, yara suka cika ɗakuna. A irin wannan lokaci manomi ba ya zuwa asibiti sai dole, kuma in ya zo hankalinsa na gona. Cikin masu dolen akwai wani tsoho, Mato, daga wajen Babankatami, mai tarin fuka, da matarsa Gogo da ke rako shi. Duk wata suke zuwa karɓar magani, su shigo motar kasuwa zuwa Madawa, su sake wata zuwa nan, kuma in ba su koma Madawa da wuri ba motar garinsu ta tafi ta bar su, sai kuma wata kasuwar. Gogo ƴar tsohuwa ce siririya, mai baki, ta ɗauki duk ma'aikatan asibiti ƴaƴanta, kuma haka take yi mana faɗa.

Ƙananan magunguna ina ba da su da hannu in rubuta daga baya, amma na tarin fuka ba a yi masa haka. Sai an duba nauyin mutum da inda ya kai a shan maganin, kuma duk wannan yana cikin uwar na'ura. Ran nan na danna, ba wuri. Balaraba ta riga ta ba da igiyarta tun safe. Ta tashi ta zagaya kamar yadda ta saba, ta dawo ta ce mini duk huɗun da mutane a kansu: labo, ɗakin haihuwa, ɗakin likita, da na gaggawa. Wannan ba sabon abu ba ne. Abin da muke yi shi ne a roƙi ɗaya ya ɗan fita, in shiga in gama, ya koma. Amos ya ce bari ya je ya tsaya a kan mai labo, da ya kai ƙarshen abin da yake shigarwa zai sa shi ya ba ni. Zai ɗan ɗauki lokaci dai, don jinin yara ne da yawa.

Mato na zaune a inuwa ya dafa sanda. Gogo kuwa ta dubi rana, ta dubi hanya inda mai mota ke ta danna oda, ta taso ta zo tagar Balaraba, don ita ta fi sabawa da ita. Ta ce an yi ruwa shekaranjiya, gero na son noma, ba su da kowa a gona sai ƙaramin ɗansu, me ake jira ne haka? Balaraba ta yi mata bayani da sauƙi, cewa abin kamar rijiya ne, igiyoyin duka na hannun mutane. Gogo ta tambaya ko duk ɗiba suke. Balaraba ba ta iya ƙarya, ko ta wasa. Ta ce ɗaya dai riƙewa kawai ya yi.

"To ki kira shi mana, ɗiyata," in ji Gogo. "Wanda ar riƙe da igiya ba shi ɗiba, ai kiran sunanai aka yi, shi ji kunya shi saki."

"Maigidana na, Inna."

Gogo ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce yanzu ta gane, ashe shi ya sa. Ita ma ga ta nan, ta tsufa da wancan mai sandar, ba ta taɓa faɗin nasa ba. Sai ta matso, ta rage murya, irin ta mai son taimako.

"Bari in hutasshe ki. Wata ta hwaɗa min sunan, ni in kira miki shi. Ni tsohuwa ta, ba shi ƙi na. Ina yake, can ciki?"

Na zagayo ina tsaye a bakin ƙofarta. Amos bai yi nisa ba, ya ji, ya tsaya cak a baranda. Tsohuwar nan kuwa tana ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya, tana jiran a ba ta suna. Na buɗe baki zan ce mata ta yi haƙuri, yanzu mai labo zai fita, sai Balaraba ta ɗaga mini hannu. Ta leƙa ta ce wa Amos ya bar mai labo ya yi aikinsa.

"A'a, Inna," ta ce. "Ni za ni kira shi."

Ta zauna, ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta kai kan layin sama ta danna. Na'ura ta yi tambayarta ta kullum, ko an tabbata, a rubuta suna. Ta rubuta da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, yadda take rubuta na kowa. Sannan ta tsaya, hannunta a kan madanni, ba ta danna ba. Na matsa na dafa kafaɗarta. Tausayinta ya kama ni har na so in ce ta bari, mu ci gaba da huɗun har abada, ni zan jure.

"Daniyel," ta ce.

Ba da ƙarfi ba, amma na ji, Amos ma ya ji. A bakinta sunan ya fito wani iri, kamar sabo.

"Daniyel, an tashi aiki. Tahi ka huta."

Ta danna. Layin ya ɓace, sauran huɗun suka hau sama. Ta ce mini, ba ta waiwayo ba, in je in shiga, mutane na jira.

Na je na shiga. Ban ga abin da nake dannawa sosai ba, sai da na share ido da hannun riga. Na duba nauyin Mato, Umaru ya kawo maganin daga magaze, na ƙulla masa a leda, na maimaita masa yadda zai sha duk da ya fi ni sani. Gogo ta karɓa ta cusa cikin ƙullin kayanta, ta ɗaga tsohonta, suka nufi mota. Har sun kai bakin ƙofa sai ta ce masa ya tsaya, ta dawo da ɗan saurinta ta leƙa tagar farko.

"Ya ji kira dai?"

"Ya ji, Inna," in ji Balaraba. "Ya saki."

Gogo ta ce madalla, ai ta faɗa, namiji sai an kira shi. Ta sa mata albarka, ta ce ta gaishe shi in ta koma gida. Balaraba ta ce zai ji. Ta bi su da ido har motar ta tashi, sannan ta jawo katin da ke sama, ta kira mutum na gaba.